Shawara: Za mu ɗauko aku daga Abuja zuwa Kano, ya zan yi kar ya firgita?

Wata 'yar uwa ce ta rubuto min daga Kano, ga abin da ta ce:

"Assalamu alaikum Anti. Yayana da ke Abuja zai tashi da iyalinsa zuwa ƙasar waje, ya ce ya bar min akunsa, irin mai ruwan tokar nan mai jar wutsiya, shekararsa shida a hannunsa. Ƙarshen watan nan na Afrilu za mu je mu ɗauko shi a motar maigidana. Matsalar ita ce ran da muka je ganinsa sai ya hau gurnani yana ja da baya, ƙarshe ma ya ciji ɗana a yatsa. Wata ƙawata ta ce in jiƙa masa rabin piriton ya sha ya yi ta barci har mu iso, maigidan kuma ya ce a sa shi a kwali a jefa a but kawai, ko a ba direban tasha saƙo. Ga yara huɗu a gida duk sun ƙagu ya zo, ga kaji da tattabaru ina kiwo. Tsorona kar ya mutu a hanya, ko ya zo ya daina magana. Don Allah ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da abu biyun da suka sa gabana ya faɗi, piriton da but. Duka biyun a'a. Ki gaishe min da ƙawar taki da maigidan, amma don Allah kar a yi.

Akun nan da kike gani gashi ne ya cika shi, in kika ɗora shi a sikeli da ƙyar ya kai rabin kilo, yawancinsu giram 400 da 'yan kai ne. Maganin da aka auna wa babban mutum mai kilo sittin ko saba'in, ko ɓarinsa kika gutsura ya yi masa yawa, kuma tsuntsun da magani ya sa shi layi ba ya iya riƙe iccen da yake tsaye a kai, mota na shiga rami sai ya faɗo, in ya yi amai a wannan halin ya shaƙe. Duk maganin da ba likitan dabbobi ne ya auna shi ya ba ki ba, kar ya shiga bakinsa. But kuwa a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, tanda ce, ga hayaƙin salansa da ke samun hanyar shiga ciki. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, bayan huhu yana da wasu jakunkunan iska a cikin jiki da ke sa ya zuƙe abin da ke cikin iska fiye da mu, mai kyau da mara kyau. Shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila suke shiga rami da kanari a keji, in ya faɗi sun san guba ta taru tun kafin su ji a jikinsu, sai a 1986 ma suka daina. Kwali kuma ba sai na faɗa ba, bakin aku kafin ku kai Zuba ya yi masa taga. Direban tasha ma ki bar shi, ba mugu ba ne, amma tsakanin buhunan mutane da jarkar manja zai cusa shi.

Yanzu ki fahimci abin da ke damun tsuntsun nan, don in kika gane shi sauran duk za ki iya tsarawa da kanki. Aku ba abin da yake tsoro kamar sabon abu. A daji shi abincin wasu ne, shaho daga sama, maciji daga reshe, to haka Allah ya halicce shi, duk abin da bai sani ba sai ya ɗauke shi abokin gaba har sai ya daɗe yana kallonsa ya ga bai cuce shi ba. Gurnanin da ya yi muku ba mugunta ba ce, tsoro ne tsagwaronsa, kuma na tabbata kafin ya ciji yaron sai da ya yi gargaɗi, ya tayar da gashi, ya ja baya, ya buɗe baki, babu wanda ya karanta. Ki duba abin da zai same shi a rana ɗaya: mutumin da ya saba da shi shekara shida ya ɓace, ɗakin ya canza, muryoyi sun canza, har iskar ma ta canza. Ke aikinki ki rage masa yawan sababbin abubuwan nan. Duk abin da za a iya ɗaukowa daga Abuja a ɗauko, wanda dole ya canza kuma a canza shi ɗaya bayan ɗaya, kar a haɗa masa duka a tire guda.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan ki kira Yaya. A nemo ƙaramin keji na tafiya mai ƙarfi, ko irin akwatin robar nan mai ƙofar ƙarfe da ake ɗaukar mage a ciki, wanda zai iya tsayawa ya juya ba tare da wutsiyarsa ta lanƙwashe ba, amma kar ya yi faɗin da zai riƙa buga fukafukai yana karo da bango. A ɗaura icce ɗaya a ciki ƙasa-ƙasa, kamar tsawon yatsa daga ƙasan, a ɗaure shi tamau kar ya riƙa juyawa, a shimfiɗa jarida ko tsohon tawul wanda zarensa bai warware ba. Sai Yaya ya ajiye shi kusa da babban kejin tun sati ɗaya ko biyu kafin tafiya, ƙofa a buɗe, kullum ya sa masa abin da ya fi ƙauna a ciki. Ranar farko zai harare shi kamar wanda ya ci bashinsa, ran na uku ko na huɗu ya fara leƙawa, daga nan ya shiga da ƙafarsa. In ya saba shiga, Yaya ya ɗan zaga da shi a mota cikin unguwa minti goma, a dawo a ba shi tukwici. Ranar tafiyar kuma Yaya ne zai sa shi a ciki, ba ke ba, ba maigidan ba. In aka ce sai an bi shi da tawul an cafke, to fuskar wanda ya cafke shi ba ya mantawa, ke kuwa da za ki zauna da shi ba kya so ku fara da wannan.

Sannan ki zaunar da Yaya da matarsa ki yi musu tambayoyi kamar mai karɓar riƙon yaro. Me yake ci da safe, me yake ci da yamma, ƙarfe nawa yake kwanciya, ana rufe kejin da daddare ko ba a rufewa, da wane zani, me ake ce masa in za a ba shi abinci, me ake ce masa in ana so ya hau hannu, me yake tsoro. Za ki sha mamaki, wani akun tsintsiya ce dodonsa, wani malfa, wani lema, wani kuma mata kawai yake yarda da su ko maza kawai. Ki rubuta a waya. Babban kejinsa, kwanukansa, abin wasansa ko da ya tattauna ya zama tsumma, zanin rufarsa ko ba a wanke ba, duk ki taho da su. Na san za ki so ki saya masa sabon keji mai kyau don a ga kin yi ƙoƙari, ki bari sai nan da wata uku. Abincin da ya saba ma ki ɗauro na aƙalla sati biyu.

Kafin ku baro Abuja a kai shi likitan dabbobi ya duba shi ya ba ku takarda, Yaya kuma ya rubuta 'yar wasiƙa cewa nasa ne tun shekara kaza, ya ba ki kyauta, da sa hannu da lambar waya, in akwai tsofaffin hotunansa a gidan ki ajiye a wayarki. Ba tsoratar da ke nake ba, amma irin wannan akun akwai doka a kansa. Tun 1985 Najeriya ke da dokar kare namun dajin da ke neman ƙarewa, sannan a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun dajin da ke neman ƙarewa, da aka yi a Johannesburg a 2016 aka sa shi a sahun farko, wato an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, dokar ta fara aiki farkon 2017. Dalili kuwa kamu ya yi musu illa ba kaɗan ba, a Ghana binciken da aka yi ya nuna daga 1992 zuwa wajen 2015 kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari sun ɓace. Ina jin wannan ne ma ya sa Yaya bai ce zai shiga jirgi da shi ba, don takardun fitar da shi ba ƙaramin aiki ba ne. To in an tsayar da ku a shingen hanya aka tambaya, kina da abin nunawa. Kuma tunda maganar ta zo, gobe in wani ya ce miki kaɗaici ke damunsa ki sayo masa abokin zama a kasuwa, kar ki saya. Waɗanda ake yawo da su a kwando yawanci daga ramin bishiya aka zaro su, da yawa sun mutu a hanya kafin ɗayan ya iso, kuma da cuta suke zuwa.

Ranar tafiya ku yi asubanci. Abuja zuwa Kano kilomita 400 ne da ɗoriya, in kun bi ta Kaduna da Zariya da aikin hanya da go-sulo ki ƙiyasta awa shida zuwa bakwai, kina so ku cinye mafi yawanta kafin rana ta take, kuma ku isa gida da sauran haske. A ba shi karin safe kaɗan awa ɗaya ko biyu kafin tashi, kar a cika masa ciki, don wasunsu mota na juya musu kai kamar mutane, sai ki ga yana kaɗa kai yana zubo da abin da ya ci. Kejin a kujerar baya, a zaga shi da bel, ke ki zauna gefensa. Ki rufe ɓangare uku da zani mara nauyi ki bar ɓangaren da ke kallonki, don tireloli da fitilu da inuwar gada da ke wucewa fuu ta sama su ne ke firgita shi, in ba ya ganinsu sai ya lafa. A cire turaren motar nan da ke lilo a madubi, kar kowa ya fesa turare, kar a sha taba, rediyo ƙasa-ƙasa. Esi ba laifi amma kar a saita shi yana busa masa kai tsaye. Kofin ruwa kar ki bar shi a ciki, zubewa zai yi ya jiƙe shi, ki yanka kankana da kokwamba da lemon zaƙi ki sa masa, su ne ruwansa na hanya, in an tsaya sai ki miƙa ruwan ta jikin wayar kejin. Ƙofar ki ɗaure ta da waya ko ki sa ƙaramin kwaɗo, aku gwanin buɗe sakata ne, yana kallon yadda ake yi yana haddacewa. In da hali yaran su zauna a gida, ɗan da aka ciza ma ya huta.

Duk awa biyu ku tsaya a inuwa ki dube shi. Tsuntsu ba ya gumi, in zafi ya kama shi za ki ga ya buɗe baki yana haki, ya ware fukafukai daga jikinsa. Kina ganin haka a tsaya, ki fesa masa ruwa mai sanyin randa sama-sama, musamman ƙafafu, banda ruwan ƙanƙara. In kun tsaya sallah ko cin abinci a Kaduna ko Zariya, a yi karɓa-karɓa, mutum ɗaya ya zauna da shi, motar da aka kulle a rana ko minti goma ne ta isa ta kashe shi. Masu talla za su yanyame gilas suna ga aku ga aku, ki sauke zanin kawai. Kuma ko me ya faru kar a buɗe ƙofar kejin alhali gilas ko ƙofar mota na buɗe, in ya fita a Tafa ko Jaji kin yi sallama da shi. Allah ya kiyaye, in wani abu ya taso a hanya, ABU Zariya na da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru, kan hanyarku yake.

Kuna isa kar a yi guɗa. Ki riga ki ja kunnen yara da maƙwabta tun kafin ku taso. A haɗa babban kejin tukuna, a jera komai yadda yake a Abuja, kwanon ruwa a inda yake, na abinci a inda yake, sai ki haɗa ƙofar ƙaramin da ta babban ki koma gefe, ko awa ɗaya zai ɗauka ya taka da kansa. Wurin ajiye shi kusurwar falo ce, bango ta baya bango ta gefe, don ya san ta nan dai ba abin da zai zo masa, a kan tebur daidai ƙirjin mutum, kar a ƙasa. Kar kuma ki ce don ya huta ki kai shi sito ko bayan gida, tsuntsun garke ne, a daji ɗaruruwa suke kwana a wuri ɗaya, kaɗaici ma ciwo ne a wurinsa. Yana so ya ga mutane suna harkarsu, abin da ba ya so shi ne su yo kansa.

Bari in ba ki labarin namu. Babanmu, Allah ya jiƙansa, fataucin goro yake yi tsakanin Shagamu da Zariya, wata shekara ya dawo mana da aku a kwando a saman huhunan goro, lokacin ba wanda ya damu da wata doka. Mu yara tara a gidan, ga na maƙwabta, muka kewaye kejin tun safe har dare, wannan ya zura tsinke, wannan ya buga wayar kejin, kowa na aku yi magana, aku ka ce sannu. Sati biyu tsuntsun nan ya fige gashin ƙirjinsa tas, ya koma kamar kazar da za a babbake, in ka matso sai gurnani kamar ana jan tsohon injin niƙa. Kakarmu ce ta kore mu, ta sa aka kai kejin ƙofar ɗakinta. Ita ba ta taɓa ce masa uffan don ya yi magana ba. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma gefensa, ta ba shi kafaɗa, ta ɗora faifai a cinya tana ɓarar gyaɗa tana 'yan maganganunta ita kaɗai, lokaci-lokaci ta ajiye ƙwara ɗaya a bakin kejin ba tare da ta kalle shi ba. Ya fi sati yana jira sai ta tashi sannan ya ɗauka. Daga nan ya fara ɗauka tana zaune. Wajen sati na uku ina tsaye daga nesa na ga ya sauko ya miƙo wuya ya karɓa daga yatsunta a hankali kamar mai karɓar sadaka. Abin da ya fara faɗa a gidan kuwa ba sannun da muka yi ta koya masa ba ce, tarin Kaka ne, sak, sai kuma wane ne nan da muryarta, har baƙi suna amsawa daga zaure.

To abin da Kaka ta yi shi za ki yi. Kwana ukun farko kar wanda ya taɓa shi, kar a zura hannu sai don canza ruwa da abinci, kuma mutum ɗaya ya riƙa yi a lokaci ɗaya kullum. Kafin ki matso ki yi masa magana ya san kina tafe. Kar ki ƙura masa ido gaba da gaba, idon da ke gaban fuska irin namu idon mafarauci ne a wurinsa, ki kalle shi ta gefe. Hannu kar ya zo masa ta sama. Yaran ki ja musu layi a ƙasa, ko da alli ne, taku uku daga kejin, ki ce duk wanda ya zauna shiru a bayan layin har sati ya cika shi zai fara miƙa masa gwanda. In ya cije ki wata rana, kuma zai cija, kar ki daka tsawa kar ki doke shi, ki janye kawai ki bar wurin. Ihu a wurinsa biki ne, in ya ga cizo na kawo ihu sai ya mayar da shi sana'a. Ranar da ya sunkuyo miki da kai ya tayar da gashin wuya, sosa yake so, ki sosa kai da wuya kaɗai. Kar ki fito da shi daga keji sai ya saba hawa hannunki, kuma a ɗaki mai rufe, fanka a kashe, don tsakar gidanmu na Hausa sama a buɗe take. Yanke masa fiffike a satin da ya zo kuwa ƙara masa baƙin ciki ne, ki bari.

Akun namu shekara tara ya yi da mu, kuma ni ce ajalinsa, har yau abin na ci na. Damina ce sauro ya dame mu, na yayyafa fiya-fiya a ɗakin na ja ƙofa, na manta an shigo da kejin saboda ruwan sama. Da safe a ƙasan keji muka same shi. Shi ya sa wannan maganar nake so ki riƙe ta fiye da komai: iskar ɗakin da yake. Maganin sauro na fesawa, na kunnawa, fiya-fiya, hayaƙin gawayi, hayaƙin janareto, sabon fenti, duk su yi nesa da shi. Turaren wuta, na san mace 'yar Kano a ce ta bar kasko kamar an ce ta bar shan ruwa ne, ba na ce ki bari ba, ki yi a ɗakin barcinki ki ja ƙofa, falon da yake dai a'a. Sai tukwanen nonsitik ɗin nan na kayan amare, in aka manta ɗaya a wuta ta yi zafi sosai tana fitar da wani hayaƙi da mu ba ma ko jin warinsa, amma yana kashe tsuntsu cikin mintuna. Don haka kusa da kicin ma ba wurinsa ba ne.

Abinci, bayan sati biyun farko sai ki fara gyarawa a hankali. Yawancin akun gidajenmu gyaɗa da masara kawai ake ɗura musu shekara da shekaru, suna so kam, amma kamar a ce yaro ya rayu a kan cincin ne. Gyaɗa ta zama ta tukwici, 'yan ƙwarori, kuma mai tsabta, don wadda ta yi fumfuna tana lalata musu hanta da huhu. Ki ba shi karas, gwanda, mangwaro, kabewa, dafaffen dankalin Hausa, zogale, tattasai, har barkono ma yana ci don tsuntsu ba ya jin yaji. In kin samu kwakwar manja a kasuwar 'Yankura ko wajen masu kayan miyan kudu, ita ce abincinsu na asali a kurmi, ɗaya a rana ta isa. Irin wannan akun yana yawan fama da ƙarancin sinadarin ƙashi har ya kai ga faɗuwa kamar mai farfaɗiya, to ɗan dafaffen ƙwai da dakakken ɓawonsa sau ɗaya ko biyu a sati, da hasken ranar safe na 'yan mintuna a cikin keji da wani ɓangaren a inuwa, suna taimakawa. Abin da ba zai ci ba ko ya yi naci: piya, cakulan, kofi, shayi, albasa, abu mai gishiri da magi, da goro. Goron nan ki sa ido, tsofaffin da za su zo ganinsa su ne za su gutsura masa don zumunci.

Kaji da tattabarunki kuwa a raba su da shi aƙalla kwana talatin zuwa arba'in, in son samu ne ma har abada. Cutar da ke kwashe kaji lokacin sanyi tana kama shi, murar tsuntsaye ma da ta fara ɓulla a ƙasar nan a 2006 haka, shi ma yana iya ɗauke da wata cuta da ke kama mutum ta zo kamar zazzaɓi da tari. Ki fara hidimarsa kafin ta kaji, ki wanke hannu tsakani, kwanukansu daban. In za ki share busasshen kashinsa ki yayyafa ruwa tukuna kar ƙurar ta tashi. Akwai wani farin gari kamar hoda da jikinsa ke fitarwa, in akwai mai asma a yaran ki lura da shi. Mage da ɓera ma kar su samu hanya, ɗan yaƙushin mage da ba ki ɗauka komai ba yana iya kashe tsuntsu cikin kwana biyu.

Jaridar da ke ƙasan kejin kullum da safe ki karanta ta kafin ki canza, ba labaran ba, kashin. Lafiyayye kore ne da fari da ɗan ruwa. Ranar farko da ta biyu zai iya yin ruwa-ruwa saboda gajiya da kankana, kuma ba zai ci sosai ba, wannan ba komai. Amma in ya kwana ya wuni bai taɓa abinci ba, ko kika ga ya kumbura gashi ya zauna a ƙasan keji, ido a lumshe da rana tsaka, wutsiya na sama da ƙasa duk numfashi, kar ki ce bari mu ga gobe, tsuntsu ɓoye ciwo yake yi har sai ya ci ƙarfinsa. Alamun ya fara sakin jiki kuma su ne ki ga yana gyaran gashi a gabanki, ya tsaya da ƙafa ɗaya, da daddare ki ji yana goga baki ƙurus-ƙurus kamar mai tauna aya. Barcin awa goma zuwa sha biyu yake buƙata, in gidanku irin masu kallon fim har sha biyun dare ne, ki samar masa ɗaki mai duhu na kwana.

Maganar magana, wadda na san ita ta fi damunki. Zai yi shiru, ƙila sati biyu, ƙila wata biyu, bai manta komai ba. Yawanci in ba kowa a ɗakin suke farawa, da sassafe ko gab da magariba, kina kicin sai ki ji muryar Yaya a falo yana kiran matarsa, ki shirya don ranar sai kin yi ƙwalla. In ya yi kira daga nesa ki amsa masa daga inda kike, haka suke yi a daji don su san garken na nan. Da fito ake amsawa, amma na san tsofaffi ba sa son fito a cikin gida, to ki zaɓi kalma ɗaya, ina nan, ko na'am, ki riƙa maimaita ta. Kuma ku gyara bakinku, don abin da aka faɗa da zafi shi ya fi saurin ɗauka, zagin da kika yi wa yaro sau ɗaya sai ya ajiye shi har ranar da surukarki ta zo. Ƙarar wayarki ma zai kwaikwaya har ki riƙa rugowa a banza.

Abu biyu na gaba. Hunturu na zuwa, shi kuwa ɗan kurmi ne mai damshi, busasshiyar iskar Kano da ƙura na sa fatarsa ƙaiƙayi har ya fara fige kansa, to tun yanzu ki saba masa da feshin ruwa mai ɗumi-ɗumi da hantsi sau biyu ko uku a sati, da sabuwar kwalbar fesawa wadda ba a taɓa zuba komai a ciki ba, ki fesa sama ya sauko masa kamar yayyafi. Sannan za a zo miki roƙon jan gashin wutsiyarsa, wai na haɗa magani ne ko na ado, wani har da kuɗi. Wanda ya zubar da kansa in kin ga dama ki bayar, amma kar ki bar kowa ya matso da niyyar cira, kuma kar ki bar shi da baƙo ke ba kya nan.

Shekara shida a wurin aku yaro ne, suna kai arba'in har sittin a hannun mai kula, ƙila ɗan nan da aka ciza shi ne zai gaje shi, don haka ki shirya su tun yanzu, yaron ya riƙa zama bayan layin allin yana karatun allonsa ko aikin makaranta a bayyane. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In kun yi sati biyu ki rubuto min, ki gaya min me yake ci, ya kashin yake, da wanda ya fara karɓar abu a hannunsa.